Kaskon da Suka Kawo wa Jikata

Mu shida ne ranar a falona na unguwar Sharafiyya a Jidda: ni, da ɗana, da matarsa, da jikata wadda aka zo nema, sai yaron, wani tela ɗan Kashmir, da uwarsa da ta zo Umra.

Yaron dai mun bincika. Yana salla, iƙamarsa, wato takardar zaman ƙasa, lafiya lau, kafilinsa da ya tsaya masa bai taɓa kuka da shi ba. Amma ni ba na amsa maganar aure sai na duba abin da aka shigo da shi gidana.

Uwar ta buɗe jaka ta fito da mayafin ulu, sannan wani ɗan kwando mai ado da ƙananan madubai, da kaskon ƙasa a cikinsa. Na ɗauka na turaren wuta ne. Yaron ya ce a'a, kangri suke ce masa. A duwatsunsu idan ƙanƙara ta toshe hanya, garwashi ake zubawa a ciki, mutum ya rungume shi a ƙarƙashin babbar riga. Kowace amarya sai an ba ta nata.

Da maza suka fita sallar la'asar, tsohuwar ta ɗage rigarta tana dariya, ta nuna mana cikinta. Duk tabon wuta, baƙi-baƙi, na shekara da shekaru. Wa zai rungumi garwashi a Jidda, inda mukayyif mai sanyaya ɗaki ba ya hutawa?

Suna dawowa ban bar yaron ya zauna ba.

"Ya waladi, ina za ka kai min yarinya?"

Ɗana ya ce halas Umma, ya isa haka, a bari sai an jima. Na ce yanzu nake son ji. Yaron ya sunkuyar da kai, ya ce ubansa ya tsufa, gonar tuffa ba mai duba ta, ko ba daɗe ko ba jima zai koma gida.

Na juya ga jikata, wadda ko ruwan firji ta sha sai mura. Ba ta ɗago ba.

"Na sani, Sitti. Tun farko ya gaya min, kuma na yarda."

Ban ce na amince ba, ban ce na ƙi ba. Abinci ma ban taɓa ba.

Washegari da safe na sa abaya, na hau tasi ni kaɗai zuwa kasuwar gwanjo. Na bi rumfa rumfa ina murza rigunan sanyi da yatsa, ina tambayar wadda ta fi kauri.