Jan Zaren da Ya Tsallake Gonar Meiju

Shekara ashirin da biyu Kuang Meiju ta yi tana tsintar dutse a ma'aikatar narka dalma ta garinsu, Dai Yulan kuma na tsaye a damanta duk tsawon shekarun nan. Tare suka shiga aiki suna 'yan mata, tare suka kamu da tarin nan da kowa yake yi a garin. Da aka rufe ma'aikatar, kowacce ta koma ɗan fegin shinkafar da ta gada a bakin rafi. Gonakin biyu manne suke da juna. Rafin ya daɗe da komawa launin tsatsa, shinkafar kuwa ba mai yarda ya ba jikansa.

Wata bazara masu gyaran ƙasa suka zo da takalman roba, suka yi ta haƙa suna zuba ƙasa a leda. Bayan wata guda suka dawo da turaku da jan zare. Duk gonar da gubarta ta wuce ƙima, zare zai zagaye ta a gyara ta. Zaren ya bi iyaka tsaf, ya haɗa da gonar Yulan, ya bar ta Meiju a waje.

Meiju ta tare shugabar aikin, wata matashiyar injiniya mai suna Pang.

"'Yata, kin yi kuskuren awo."

"Inna, ai murna ya kamata ki yi. Gubar taki ba ta kai ta can ba."

"Ba ta kai ba? Rafi ɗaya muke jan ruwa! Ni na ma fi ta tari, ki tambayi kowa!"

Pang ta yi dariya, ta wuce.

Daga nan Meiju ba ta sake samun sukuni ba. Motoci suka kwashe tsohuwar ƙasar Yulan, suka juye sabuwa, ja, mai ƙamshi, daga bayan duwatsu. Aka shuka wata ciyawa mai tsotse guba, aka ba Yulan koriyar riga da malafa ta riƙa kula da ita. Har hotonta aka manna a allon bakin hanya, tana murmushi da giɓinta.

"Yaya Meiju, zo ki taɓa ƙasar nan ki ji, kamar gari!" in ji Yulan.

"Ina da aiki. Ba kowa aka ɗinka wa rigar zaman banza ba."

Meiju ta sunkuya tana cirar ciyawa ba don akwai bukata ba, amma idonta na can. Yulan ɗin da ko dutse mai kyau ba ta iya bambancewa sai Meiju ta zungure ta, yau ita baƙi ke tsayawa suna yi wa tambaya.

Wata safiya Meiju ta ɗauki sanda da kwanduna biyu ta nufi tudun tokar da ke bayan tsohuwar ma'aikatar. Kwana uku tana jigilar baƙar ƙasa a kafaɗa, tana watsawa a gonarta tana bi da fartanya. A rana ta huɗu ta je ofis ta ce sai an sake awo.

Pang ta zo. Ko leda ba ta buɗe ba, ta tsuguna ta ɗauki wani ɓarɓashi mai ƙyalli, ta juya shi a tafinta.

"Inna, wannan ai daga bakin tsohon murhu aka kwaso shi. Da hannunki kika ɗebo? Ba safar hannu?"

Yulan na tsaye a kan iyaka, ta ji komai. Meiju ta jira dariya, ta ma shirya abin da za ta mayar. Sai Yulan ta cire malafarta, ta ɗauko shebur, ta tsallako zaren ta fara kankare baƙar ƙasar.

"Wa ya sa ki?" Meiju ta daka mata tsawa.

"Yaya, riƙe buhun kawai. In ruwan sama ya sauka, har tawa zai wanko."

Suka yini suna kwasa. Meiju ta fi mako ba ta gaishe ta ba, don da dariyar aka yi mata da ya fi mata sauƙi.

A shekara ta huɗu Yulan ta girbe shinkafar da aka auna aka ce lafiya lau. Ta dafa ta kawo kwano guda. Meiju ta ce ba ta da ɗanɗano, ta cinye tas.

Sai a shekara ta shida, bayan an gama da gonaki masu yawan guba, aikin ya iso gonar Meiju, lokacin gwiwoyinta sun daina yarda da sunkuyo. Ɗanta ya kawo mata kujera bakin gona, ta zauna tana kallon ana juye jar ƙasa. Da motoci suka tafi ta lallaɓa ta soka sandarta a tata, ta je ta soka a ta Yulan, ta gwada.

"Yulan! Zo ki gani da idonki. Taki ta fi zurfi da yatsa huɗu!"

"Tawa ta kwanta ne ma, Yaya. Da ta fi haka."

Washegari da sassafe Meiju ta sa ɗanta ya kai ta ofishin Injiniya Pang, da sandar a hannunta.