Ranar da Sabis Ya Kai Ɗakin Inna

Shekarun baya kaɗan, a lokacin da hanyar Gusau zuwa Tsafe ta zama ba a shigarta sai da addu'a a baki, mahaifiyata ta samu shanyewar ɓarin jiki. A ƙauyenmu da ke bayan Bungudu abin ya same ta, tana cikin shara da safe. Ƙanenta, wato kawuna, shi ya nemo mota ya kawo ta asibiti a Gusau. Su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu, kuma ita ta goya shi, don haka duk da furfurarsa ba ta fasa yi masa faɗa kamar yaro ba. Da aka sallame ta sai na ce ba za ta koma ƙauye ba, na ajiye ta a gidana a Tudun Wada. Kawu ya yi kwanaki tare da mu, sannan ya koma saboda damina ta kankama.

Ɗakin da muka ba ta shi ne na can ƙarshen gida, sai an ratsa tsakar gida an wuce kicin. Mun zaɓe shi ne don ya fi sanyi kuma yana kusa da banɗaki. Aibinsa ɗaya, sabis ba ya shiga. Da zarar ka taka ƙofar, waya ta zama madubi.

Ƙanwata tana aure a Tsafe, ga ta da tsohon ciki. Mijinta ya ce ba za ta hau hanyar nan ba, kuma babu wanda ya ga laifinsa. Tafiyar da a da mutum zai yi da hantsi ya dawo kafin azahar, ta koma kamar zuwa wata ƙasa. Abin da ya rage mata shi ne kiran bidiyo. Ni kuma rautar da nake samun intanet da ita tana falo, jikin taga, don nan kaɗai take kamawa da kyau. Saboda haka duk ranar da za a yi kira, ni da matata sai mu ɗora Inna a kujerar roba mu ɗauko ta har falo. Ba ta son abin ko kaɗan. Takan ce mun mayar da ita buhun gero. Wata rana ƙafata ta zame a bakin rariya, kujerar ta karkace, zaninta ya kwance a tsakar gida. Ba ta faɗi ba, amma da muka mayar da ita gado sai ta juya fuskarta bango. Washegari ta ce kada a ƙara ɗaukarta, in 'yarta na son jin lafiyarta a faɗa mata da baki.

A tsakanin nan ne aka kashe kawu. 'Yan bindiga suka same su a gona, shi da wasu mutanen ƙauyen. Likitan da ke duba Inna ya riga ya gargaɗe mu cewa jininta bai zauna ba, mu kiyaye duk abin da zai girgiza ta. Dangi suka yi shawara aka tsaya a kan kada a faɗa mata sai ta ƙara ƙarfi. Na je jana'iza, na ce mata aikin ofis ne ya kai ni Bungudu. Muka roƙi 'yan uwa da masu zuwa dubiya su kama bakinsu. Wayarta kuwa tun tana asibiti take kashe a cikin durowa, muka bar ta a can. Ba ta cika yin kwana biyu ba ta tambayi kawu ba. Mu ce aikin gona ne, mu ce hanya ce. Sai ta yi tsaki ta ce yaron nan bai da kirki.

Ni dai abin da ya tsaya mini a rai shi ne uwa da 'ya sun daina ganin juna. Na yi wa wani abokina na wurin aiki ƙorafi, sai ya ce akwai wata 'yar na'ura da ake kira ekstenda, tana karɓar wayfai daga rauta ta ƙara tura shi gaba. Na je shagon masu kayan waya a kasuwa na sayo. 'Yar fara ce, ba ta fi tafin hannu ba, da ƙahoni biyu kamar fara.

Ranar Asabar na tashi da aikin, ina jin kaina injiniya. Na wuce kai tsaye ɗakin Inna na soka ta a soket, na tsaya ina jiran abin al'ajabi. Fitilarta ta kawo ja ta tsaya a ja. Na cire na mayar, na karkata ƙahonin, na hura mata iska kamar tsohon kaset. Ja dai. Da na kira abokina ya sha dariya, ya ce ai 'yar aike ce, sai ta ji magana kafin ta kai ta, ni kuma na kai ta inda ba ta jin komai. Ya ce in fara kai ta kusa da rauta, in danna wani ɗan maɓalli a jikin kowacce su san juna, sannan in nema mata wuri a tsakiya, inda sabis bai mutu ba tukuna.

Na yi yadda ya ce. Ina danna maɓalli na biyu aka ɗauke wuta. Na zauna zaman jira har bayan azahar. Da aka dawo da ita na sake, fitilar ta yi ta ƙifta ido sannan ta zama kore. Saura wurin ajiyewa, ga shi tsakar gida babu soket. Na ja wayar wuta daga kicin, na riƙa yawo da wayata a sama ina duban sandunan sabis, in matsa gaba in dawo baya. Inna tana hango ni ta ƙofa. Bakinta ya ɗan karkace tun ciwon, maganarta tana fita da nauyi, amma na ji ta sarai tana tambayar matata wai mi nake nema a sama.

A ƙarshe ginshiƙin barandar kicin ya karɓe ta. Na buga ƙusa, na yanka tsohuwar jarka na yi mata rumfa saboda feshin ruwa. Na shiga ɗakin Inna da wayata, sai ga sanduna sun cika. Nan take na kira ƙanwata. Fuskarta ta fito tas, ba yankewa, Inna tana kwance a gadonta da mayafinta, babu wanda ya ɗaga ta. Suka yi kuka, suka yi dariya, Inna ta sa ta miƙe tsaye don ta ga cikin, ta ce mata ta rage cin gishiri. Rabon da in ga haƙoranta tun kafin ciwon.

Da aka gama sai ta ce tunda abin ya zo har ɗaki, a ba ta wayarta. Daɗin nasara ya rufe mini ido, ban yi tunanin komai ba. Na ɗauko ta daga durowa, na jona caji, na kunna, na sa mata lambar sirrin wayfai. Wayar ta fara ƙara ba ƙaƙƙautawa, saƙo na bin saƙo. Har na ce mata, kin ji ko, yana aiki. Aka kira la'asar na fita masallaci.

Da na dawo na tarar da matata tsaye a ƙofar ɗakin, ta toshe baki da gefen hijabinta. Daga ciki muryar wata tsohuwa ke tashi, ƙawar Inna ce ta ƙauye, tana cewa Allah ya jiƙan Malam, Allah ya sa ya huta, ya ba ki haƙurin rashin ɗan uwa. Saƙon ya ƙare, wani ya fara. Inna ba ta iya karatun boko ba, amma ta san inda ake dannawa a ji murya, kuma hannunta na hagu lafiyarsa lau. Gaisuwar mutuwar da mutane suka yi ta turo mata tun ranar da abin ya faru, duk tana nan a jere tana jiran sabis. Har da wani bidiyo da wani marar tunani ya turo na gawarwakin a jere kafin a rufe su.

Ban san lokacin da na isa baranda na fizge na'urar daga soket ba, kamar hakan zai mayar da abin da ya riga ya shiga kunne. Sai na ji ta kira ni. Na shiga na durƙusa a gaban gadon. Idonta a bushe yake.

"Yaushe?" ta ce.

Na ce ya kusa wata.

"An yi mai sutura?"

"An yi, Inna."

"Ka tai?"

"Na je. Da ni aka sa shi a kabari."

Ta ɗaga ido ta kalli silin. Sannan ta ce, "To, gara da ɗayanmu ya tai ya raka shi. Tashi ka maida abin ga da ka cire. Mutane sun yi mini gaisuwa ban amsa ba."

Na fara kawo maganar likita, ta ɗaga hannun hagun ta tsayar da ni. Na fita na mayar.

Da yammar nan jininta ya hau sosai, sai da muka ɗauko likita har gida. Ya yi mini faɗa, na sunkuyar da kai na sha. Amma Inna ba ta mutu a ranar ba kamar yadda muka yi ta tsoro. Washegari ta sa matata ta zauna kusa da ita tana danna mata wurin ɗaukar murya, ta bi saƙonnin nan ɗaya bayan ɗaya tana amsawa da bakinta mai nauyi. In kalma ta ƙi fita sai ta sake. Ta kira matar kawu, wadda ta koma wurin danginta a Mada da yaran, suka daɗe a waya. Zaman makokin da aka yi babu ita, ta yi nata a kan gado, mutanen ƙauyenmu da suka watse garuruwa suna shigowa ɗakin ta waya suna fita.

Ni kuwa ta yi kwanaki ba ta ce mini komai ba sai amsa gaisuwa. Ranar da ta yi maganar ina gyara mata matashi ne. Ta ce ba ɓoyewar ce ta fi yi mata ciwo ba, ta san don ita muka yi. Abin da ke cinta shi ne duk kwanakin nan tana kwance tana jin haushinsa, tana cewa bai da kirki, ashe yana cikin ƙasa. Ta ce, "Kun bar ni ina faɗa da mamaci."

Ƙanwata ta haihu lafiya, namiji. Inna ta gan shi ta waya, ta yi masa addu'a, ta sa aka matso da kunnensa da yatsunsa ta duba. Ba ta taɓa ɗaukarsa ba. Kafin ya yi wayon zama ciwon ya sake bugunta, wannan karon bai bar ta ba. Ƙanwata ta iso washegari, bayan an kai ta.

Abin da ban shirya masa ba shi ne wayarta. Bayan an watse daga zaman makoki na kunna ta, sai ga saƙonnin tsofaffin ƙawayenta da labari bai kai musu ba, suna tambayar jiki, suna cewa sun ji ta shiru. Na zauna na amsa wa kowacce da muryata, na faɗa musu gaskiya. Saura guda ɗaya, wata ƙawarta tun ta ƙuruciya da ke zaune wurin ɗanta a wani gari. Kafin in kai kanta ɗan ya kira ni. Ya ce mahaifiyarsa tana fama da ciwon zuciya, don Allah kada in faɗa mata, su ma sun ɓoye. Na ba shi labarin abin da ya faru a gidana tun daga farko har ƙarshe. Ya saurara, ya yi mini ta'aziyya, sannan ya ce duk da haka yana roƙona.

Uwarsa ce, ba tawa ba. Na amince, ban faɗa mata ba. Tsohuwar nan ta ci gaba da turo saƙo lokaci zuwa lokaci, galibi ranar Juma'a. Ta gaishe da Inna, ta ba ta labarin jikoki da tsadar hatsi, wani lokaci ta yi mata tsiya cewa ta shiga birni ta manta da mutane. Ina saurara, ba na amsawa. Bayan wasu watanni saƙon ya daina zuwa. Ban kira ɗan na tambayi dalili ba.

Mutane kan tambaye ni, tunda na ga abin da idona, shin a faɗa wa marar lafiya rasuwa ko a ɓoye. Da ina da amsa da na ba ku. Na ga wadda aka ɓoye wa ta ji ta hanyar da ta fi kowace muni, ta kuma ɗauka fiye da yadda muka zata. Na kuma zama wanda ya taya wani ɓoyewa bayan na san ɗacinta. Abin da kawai na daina shi ne saurin cewa tsoho ba zai iya ɗauka ba. Sau da yawa mu ne ba za mu iya tsayawa a gabansu mu faɗa ba. Allah ya jiƙan Inna da kawu, ya jiƙan naku da suka rigaye mu, ya kawo mana ƙarshen wannan masifa.