Garin da Ba Mu da Kowa

Mun tashi da asuba, ana sallame salla muka bar Nima, unguwarmu a Akra, masu koko ba su gama hura wuta ba. Mu uku ne: ni, da ɗana mai gyaran mota a Kawukudi, da 'yarsa wadda ta tashi a ɗakina tun da aka yaye ta. Tun da na dawo matan ƙungiyarmu suke damuna da tambaya, kowace da irin labarin da ta tsinta a bakin famfo. Shi ya sa na ce a rubuta sau ɗaya a karanta muku. Ni ban yi boko ba, faɗa nake ana rubutawa.

Yarinyar ta ci jarrabawa, makarantun sakandare biyu sun ce za su ɗauke ta, dukansu na lissafi da kimiyya. Malaminsu ya ce a ba shi amsa kafin mako ya fita. Ubanta ya ce duk wadda na zaɓa ita ce. Ba ladabi ne kaɗai ya sa shi faɗin haka ba, ya san in abu ya lalace gara a ce ni ce. Ɗaya makarantar tana garin da ƙanwata take aure, 'yar ƙanwar mahaifiyata, gidanta a tsakiyar zango, unguwar Hausawa da sauran Musulmi. Ɗakunan kwanan makarantar ba su isa ba, yara da yawa a gidajen gari suke sauka. Ɗayar tana can gaba a kan dutse, ta kwana ce, kuma ba mu da kowa a garin.

A raina na gama zaɓa tun a gida. Mu ba ma ajiye ɗa a garin da ba mu da mai masauki. Na sayi farin goro mai kyau, na ƙulle a ganye, na sa a ƙasan jakata. Kun san al'ada: in na miƙa aka karɓa, yarinya ta zama amanar gidan, magana ta ƙare.

A tashar Circle muka shiga mota. Kuɗin kujera ya kusa ninka na bara, kujerar kuwa ta bara ce, ƙarfenta na nan inda na bar shi. Ba mu fita Akra ba wani mai magani ya miƙe tsaye a tsakiyar mota da kwalba a hannu. Da Tonanci, yaren Asante, yake talla, ya ce maganinsa na kashe tsutsar ciki, yana gyara ido, yana sa yaro ƙoƙari a makaranta. Ɗana ya ce ko mu saya mu koma gida mu huta da tafiya. Ban yi dariya ba, amma matar da ke gefena ta sayi biyu.

A Nsawam mata masu burodi suka rufe motar ta kowace taga. Burodin ya ƙanƙance, kuɗinsa ya girma. Na sayi na tsaraba. Ana ta miƙo soyayyar doya da jelar talotalo, ƙamshi ya cika motar, na ce wa yarinyar ta kau da kai, ba mu san wanda ya yanka ba. Muka ci dafaffen ƙwai da barkono. Daga nan hanya ta shiga kurmi, ayaba da rogo da kwakwar manja hagu da dama, ramuka kuma direban ya san kowanne da sunansa, wani ya kauce masa, wani ya gaishe shi.

Da hantsi muka sauka, muka wuce makarantar farko kai tsaye. Ba ta da laifi. Wani malami mai haƙuri ya zaga da mu, ya buɗe ɗakin da suke gwaje-gwaje: dogayen tebura, kwalabe iri-iri, da ƙasusuwan mutum a tsaye a lungu, waɗanda ya rantse mini na roba ne. Yarinyar ta tsaya gaban kwalaben ta sa hannayenta a baya don kada ta taɓa. Ni ban san abin da ake dubawa a irin wannan ɗaki ba, sai na je na duba bayi da famfo. Akwai ruwa. Na ce to.

Ƙanwata ta tare mu tun daga bakin layi. Shinkafa take sayarwa a tasha, gidanta cike da mutane, irin gidan da ba a rufe ƙofarsa. Ta yi mana tuwon zafi da miyar ayoyo, naman ma ba ta yi rowa ba. Ana kiran salla kana ji kamar a cikin ɗakinka. Hankalina ya kwanta, har na fara duba inda za a ajiye akwatin yarinyar.

Akwai wata yarinya a gidan, 'yar Maamobi, unguwar da ke maƙwabtaka da mu, uwarta kun san ta, ba zan faɗi suna ba. Ita ma kimiyya take karantawa a makarantar nan, shekararta ta biyu ke nan a hannun ƙanwata. Likita suke ce mata, da wasa da kuma alfahari. Ta dawo bayan azahar, ta durƙusa ta gaishe ni, yarinya mai kunya, jikinta ya yi kyau, zaninta sabo. Ta ci abinci, ta ɗauko littattafanta ta jawo kujera 'yar tsugune gindin bishiya. Ni kuma ina kan tabarma ina jan carbi, ba ni da aikin da ya wuce kallo.

Ba ta gama buɗe littafin ba aka ce Likita ta miƙo murfin tukunya. Ta dawo, maigidan ya aike ta sayen batir. Ta dawo, wata maƙwabciya ta shigo da kwalbar maganin ɗanta a karanta mata yadda ake sha. Sai jariri ya farka. Sai aka ce a kai wa masu tasha ƙarin miya, yaran gidan kuwa sun tafi allo. Kowane aike ƙarami ne, kowa da murmushi yake kiranta, wasu har da albarka. Babu wanda ya daka mata tsawa. Amma har aka kira magariba kujerar nan ba ta ɗumama ba, kaza ce ma ta hau ta zauna. Tawa jikar kuwa, ba wanda ya sa ta, na waiga na gan ta gaban baho tana wanke kwanoni. Haka na koya mata.

Ƙanwata ta zauna kusa da ni tana fifita, ta nuna 'yar Maamobin da haɓa.

"Yaya, kin ga 'yar nan? Wallahi ba na bambanta ta da waɗanda na haifa. In taki ta zo sun zama biyu, sai su riƙa kama wa juna."

Gaskiya ta faɗa, ba ta bambanta su. Na ce Allah ya saka da alheri.

Da safe na fito da burodi da sabulu da turmin atamfa na ba ta. Ta yi godiya, idonta na kan jakata. Ta raka mu har tasha tana ba da labarin wasu, sai da muka sa ƙafa a mota ta ce, "Yaya, ba ki manta da komai ba?" Na ce ban manta ba, zan ga ɗayar tukuna. Ta saki ƙofar motar.

Hanyar dutsen ba ta tsofaffi ba ce. Motar tana hawa tana kuka, tana juyawa kamar za ta koma inda ta fito, in ka leƙa taga sai ka ga kan bishiyoyi a ƙarƙashinka. Na daina leƙawa. Ɗana, da yake sana'arsa ce, ya kasa kunne yana gaya mini abin da ya lalace a injin, na ce ya riƙe saninsa sai mun sauka. A sama akwai sanyi da rana tsaka. Garin tsaf yake, shiru, coci a kowane tudu. Na tambayi wata mai lemu ina zango, ta ce babu, sai dai wani mahauci ɗaya mutumin Nijar da yake zuwa ranar kasuwa. A bayan wani shago muka shimfiɗa ɗankwali muka yi azahar, yara suka taru suna kallo.

Wadda ta karɓe mu a makarantar ita ce uwar ɗakin kwanan 'yan mata, doguwa, mai furfura da tabarau, ba ta da yawan fara'a. Wannan bai dame ni ba, ni ma ba ni da ita. Da Tonancina na kasuwa na yi mata tambayoyina, inda na maƙale ɗana ya cika. Nama fa? Ta ce yawanci kifi ne da wake, ranar da aka yi nama yaran Musulmi ƙwai ake ba su. Salla fa? Ta nuna mini wani ɗan ɗaki bayan sito, da tabarmi da buta biyu, ta ce su kaɗan ne, su suke share abinsu. Azumi fa? Ta ce ana ajiye musu abinci, amma ba za ta yi mini ƙarya ba, sau da yawa ya huce. Da safe kuma kowa yana tsayawa a taro ana waƙoƙin coci, wanda ba ya yi sai ya yi shiru.

Na leƙa kicin. Shekaruna nawa ina sayar da wake da shinkafa a Nima, ban taɓa ganin wake yana iyo irin na ranar ba. Gadajen ƙarfe ne, wani kan wani. Ruwan wanka kamar ƙanƙara. Na gama gani, na gyara mayafina, na ce wa ɗana mu kama hanya kafin motar ƙarshe ta sauka. Ina tunanin yadda zan shiga gidan ƙanwata da goron a hannu.

Muna nufar ƙofa aka buga ƙararrawa. Yara suka fito ta ko'ina, kowace da littattafai a ƙirji, suka shige wani dogon ɗaki. Kafin mu kai wurin, makarantar ta yi tsit. Na tsaya a taga. 'Yan mata ne cike da ɗakin, sa'o'in jikata da waɗanda suka girme ta, kowace a zaune, kai a sunkuye. Babu malami a gabansu, babu bulala. Wata tana cizon fensir, wata ta zuba wa bango ido tana motsa baki, sannan ta koma ta rubuta. Na daɗe a duniya, ban taɓa ganin 'yan mata masu wannan yawa a zaune da rana ba, in ba gidan makoki ba. Na ɗauka horo ake yi musu. Na tambayi matar laifin me suka yi.

Ta ce ba su yi komai ba, lokacin karatunsu ne, kullum haka ne, da yamma kuma su sake.

Na ce, to in ana bukatar ɗaya daga ciki fa, a aike ta ko a tambaye ta wani abu?

"Ba a kiran kowa," in ji ta. "Ko uwarta ce ta zo daga Akra, ga benci can, sai ta jira."

Na dubi bencin. Na dubi jikata, ta kama ƙarfen tagar da hannu biyu. Na ce, "Ke, kin taɓa zama haka?"

Ta yi ɗan tunani. "Ranar jarrabawa, Kaka."

Na koma kan bencin nan na zauna, na buɗe jaka, na fito da ƙullin goron. Ɗana ya sunkuyo ya ce, "Mma, ko masallaci babu a garin nan." Na ce na gani, da idona na zo.

Matar ta ja da baya, ta ce su ba sa karɓar komai daga iyaye. Ɗana ya yi mata bayani: ba sayen wuri ba ne, wurin an riga an ba yarinya. A wurinmu in ka bar ɗanka a hannun mutum, da goro kake barinsa, daga ranar in ya yi ciwo kai za a tambaya, in ya lalace kai za a tambaya. Ta cire tabarau ta dube ni. Ta ce ita ba ta cin goro, amma ta ji. Ta sa hannu biyu ta karɓa.

Saukowa ta fi hawa tsoro, amma ta fi sauri. Motar da muka samu ba ta bi ta garin ƙanwata ba, ban kuma nemi wadda za ta bi ba. Na aika mata da saƙo ta bakin wani direba. Har yau ba ta amsa ba, na kuma san za a daɗe kafin a ga shinkafarta a bikin sunan wani jikana. Bayan na dawo, uwar 'yar Maamobin ta zo tambayar lafiyar 'yarta. Na ce tana lafiya, ta yi ƙiba, ana son ta, duk gaskiya ne. Na ƙara da cewa ta je da kanta ta wuni a gidan, kada ta yi hira, ta zauna ta yi kallo.

Ranar mun shigo Nima bayan magariba, hayaniya ta tare mu tun daga bakin titi, rediyo da masu talla da masu kiran yara. Abin da na gano a tafiyar nan ba shi da yawa. Na tafi neman gidan da za a riƙe yarinya kamar 'yar gida, na kuwa same shi. Wannan karatu nasu na lissafi ba 'yar gida yake so ba, wadda za a manta da ita na ɗan lokaci yake so, mu kuwa ba mu iya manta yaro ba in muna ganinsa. Zai yiwu ta rame a can. Za ta yi sallar idi cikin waɗanda ba su san ranar ba. Na auna wannan duka, ban ce ba shi da nauyi ba. Na sa kafinta ya yi mata akwatin katako, zan cika shi da garin rogo da shito, soyayyen yajin nan namu, kuma na nemi wata mata da za ta riƙa kama mini aiki a wurin tukunya.

Saura 'yan makonni ta tafi. Jiya da hantsi tana bakin ƙofata da littafi, uwarta ta leƙo daga ɗaki da bokiti a hannu ta kira sunanta. Yarinyar ta fara miƙewa. Na ce ta koma ta zauna. Na ce wa uwar famfo yana nan inda yake, ta san hanya.