Hoton da Kawu Ya Hana Mu Murmushi

Jiya ina neman takarda a akwati, sai ga hotonmu: mu huɗu da jita, riguna masu ƙyalli, ido ya sha kwalli. Marigayi Kawu ya ɗauke mu a shagonsa na unguwar Bab Makka mai warin ruwan wankin hoto, tun ba a san kiɗanmu ba.

Hoton iƙama, wato katin izinin zama na baƙi, kaɗai ya saba ɗauka, don haka ya jera mu jikin farin yadi.

"Yalla, ku fito da kunnuwa, ban da murmushi!"

Na ce, "Kawu, mawaƙa ne fa mu."

"Halas, shi ke nan, kwa yi waƙar in na gama."

Shi kuwa yana bayan kyamara yana ta dariya, ba wanda ya ɗauke shi. Hotonsa ɗaya ya rage mana, na iƙama, fuska a murtuke.

Allah ya haskaka kabarinka, Kawu, ya sa can ma kana dariya.