Gorar da Inna ta kafa a bakin ruwa

Ranar wata Juma'a, a daminar da na shiga aji huɗu, Inna ta kafa gora a gefen fadamarmu ta shinkafa a Kaoje, ta ba ni wuƙa ta ce ni ce mai gadin ruwa. Babanmu ya rasu shekara biyu kafin nan, fadamar nan ita ce abincinmu kaf. Idan kogi ya cinye ta, sai mu koma gidan Kawu Manu, ƙanen babanmu, mu zama 'yan a-ba-mu. Inna ta rantse ba za ta yi wannan zaman ba.

Wahalar aikin ita ce ruwa ba ya tsayawa a auna shi. Iska ta kaɗa shi, jiragen inji masu kai kaya Benin su wuce su tayar da igiyar ruwa, ya hau gorar ya sauka kamar yana yi mini tsiya. Inna ta ce, "Kak ki yarda da kallo guda, ɗiyata. Duba inda ya kai sama, duba inda ya koma ƙasa, ki tsaga tsakiya." Haka nake yi kafin makaranta da bayan an tashi, ƙawayena suna 'yar gala-gala ni ina tsugune cikin laka. Tsagar yau da ta jiya kusan ɗaya suke. Amma da suka taru, sai ga su suna hawa a hankali, ba wadda ta koma baya.

Inna ta ɗauko lauje alhali shinkafar ba ta gama nuna ba. Kawu ya zo har gona yana faɗa. "Hajo, igiyar jirgi ta fa. Za ki ɓata gonar ɗan'uwana don zanen yarinya?" Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Gonar marayu ta, kuma na ga gorar." A makaranta aka sa mini suna Mai Cin Ɗanya, na yi dambe a kansa har rigata ta yage, kuma ban yi nadama ba.

Ruwan ya zo, ya shafe fadamar har kan gorar. Shekarar nan tuwonmu duk tsaki ne, ba auki ba daɗi, amma a tukunyarmu aka dafa shi, a gidanmu.

Yanzu kowace damina wayata cike take da saƙonnin murya, wannan ya ce ambaliya gobe, wancan ya ce ƙarya ce. Nakan yi kewar Inna da gorarta. Har yau ban yarda da kallo guda ba.