Ranar Da Na Durƙusa Wa Baba Da Bindiga A Hannu

Edita, a lokacin da wannan abu ya faru ni matar aure ce mai 'ya'ya biyu, ina aiki a ɗakin magani na wani asibiti a garin Largo, nan ƙasar waje da muke zaune, kuma ina ji da kaina ƙwarai. Gani nake duk abin da aka koya mini sau ɗaya ya zauna ke nan. Maigidana injiniya ne, rabin wata ba ya gari. Mahaifina kuma, tsohon soja, ya dawo wurinmu da zama bayan rasuwar mahaifiyata. Da aka fara fasa motoci a layinmu sai tsoro ya shige ni, na je na yi kwas na riƙe bindiga, na sami lasisi, na sayi 'yar ƙaramar bindiga wadda ba ta fi tafin hannuna ba. Da na nuna wa Baba, ya juya ta gaba da baya, ya tambaye ni ko wannan ce za ta kori ɓarawo ko kuwa ta wasan yara ce aka sayar mini. Duk da haka ya ce ranar da zan gwada ta ƙafarsa ƙafata.

Wata Asabar bayan azahar muka tafi wurin koyon harbi a wajen Upper Marlboro. Har yau ina ganinsa a gaban mota, da farar jallabiya da kwat a sama, yana ta ba ni labarin barikin Kaduna inda na tashi, labaran da na ji har na haddace amma ban taɓa gajiya da su ba. Aka ba mu tabarau da abin toshe kunne, na ɗora nawa a kan hijabi. Ma'aikacin wurin ya maimaita mana dokar da na riga na sani: bakin bindiga kullum gaba yake kallo, in kuma za ka ba wani, ka cire gidan harsashi, ka duba ba saura a ciki, ka ajiye a tebur, ka ja baya ya ɗauka da kansa. Na gyaɗa kai ina ƙosawa ya gama.

Harbin farko ya ba ni mamaki. Na zaci ƙanƙantarta zai sa ta yi sauƙi, ashe ƙaramar bindiga ta fi fizga. Ta yi tsalle a hannuna, ƙarar ta daki ƙirjina, harsashin kuma bai ko taɓa takardar da nake saiti ba. Amma ƙaurin albarushin da ya tashi shi ya fi taɓa ni, domin shi ne warin kakin Baba in ya dawo daga atisaye, muna yara muna rige-rigen cire masa takalmi. Na gyara riƙo, na ci gaba, har wani harsashi ya faɗa kusa da tsakiyar takardar. Na waiga da kai na ga Baba yana dariya irin wadda ban gani ba tun da Inna ta rasu. Wallahi daɗi ya cika ni. Sai ya taɓa kafaɗata, ya buɗe tafin hannunsa, alamar in ba shi ya gwada.

A gidanmu ba a miƙa wa Baba abu a tsaye, ba a kuma ajiye masa a tebur a ce ya ɗauka. Ko cokali ne, sai ka juyo, ka durƙusa, ka miƙa da hannu biyu. Kafin kaina ya yi tunani jikina ya riga ya aikata. Na juyo gaba ɗaya, na kai gwiwa ƙasa, na ɗaga masa bindigar da hannu biyu, da harsashi a ciki, bakinta daidai cikinsa, ɗan yatsana kuma yana kan kunama. Sai da na ga dariyar ta ɗauke daga fuskarsa na gane abin da na yi. Bai yi tsawa ba, bai fizge ba. Ta cikin abin toshe kunnen na jiyo shi yana kiran sunan da yake kirana da shi ina ƙarama, yana cewa kada in motsa, in ɗaga yatsana a hankali. Ya zame gefe, ya dafa hannuna ya mayar da bakin gaba. Lokacin ne ma'aikacin ya iso yana ihu, ya karɓe ta, ya ce mu fita. Ban ga laifinsa ba.

A mota na kasa tayar da inji, kuka ya ƙwace mini. Baba ya bar ni na yi mai isata, sannan ya ce ya yi yaƙi abokan gaba ba su same shi ba, sai ga shi 'yarsa ta kusa gamawa da shi. Ya yi dariya, ni kuwa na kasa. Daga nan ya ce laifin har da nasa, shi da ya san bindiga bai kamata ya miƙo hannu ba. Bai taɓa gaya wa maigidana ba, bai kuma sake tayar da zancen ba har Allah ya karɓi ransa bayan wasu shekaru, a kan gadonsa, ina gefensa. Ina kewarsa ba kaɗan ba, kuma ina gode wa Allah da ya bar mana waɗannan shekarun.

Abin da na koya shi ne, kwas na 'yan sa'o'i ba ya goge abin da jiki ya saba tun yarinta. 'Yan uwana da ke nan ƙasar, in kun mallaki bindiga, ku yi ta maimaita ajiye ta babu harsashi har hannunku ya saba, musamman in za ku je da babba wanda kuke jin nauyinsa. A wurin nan ajiyewa a tebur shi ne girmamawa. Ni dai da yatsana ya ƙara matsawa kaɗan, da na kashe mahaifina ina durƙushe a gabansa, cikin ladabi.