Takunkumin da Goggo Noelene Ba Ta Taɓa Sawa Ba

Goggo Noelene, ƙanwar babana, tuta ta riƙe tun tana budurwa har ta yi jika. Idan auduga ta tasa, ita ke tsayawa a bakin gona tana kaɗa farin ƙyalle a kan sanda, jirgin feshi ya saita hancinsa a kanta, ya taho ƙasa-ƙasa yana zubo maganin ƙwari. Sai ya kusa tafiya da malafarta take matsawa gefe, ta juya baya, ta riƙe numfashi. Iyakar dabarar da aka koya musu ke nan. Daga nan ta goge hannu a jikin riga ta ci burodinta. Takan ce in ta dawo gida ko karenta ba ya yarda ya raɓe ta.

Da tsufa ya zo, huhun ya tafi. Tukunyar iskar numfashi take ja a kan taya duk inda za ta, amma bakin nan nata babu abin da ya taɓa shi.

Da aka mai da tsohon filin jirgin garinmu gidan tarihi, ita ta hana ni sakat sai na kai ta. A tsakiyar rumfa ga rawayan jirgin marigayi Col Brophy, matuƙin da Goggo ta riƙe wa tuta, an goge shi yana ta ƙyalli, bango duk hotunan matuƙa suna washe baki. Can a kusurwa kuma an tsai da mutum-mutumi riƙe da tuta: rigar leda har wuya, safar hannu, takalmin roba, da wani ƙaton takunkumi mai kama da hancin alade.

"Kerrie, wannan kuma ɗan sama jannati ne?" in ji Goggo.

"Ke ce fa, Goggo. Mai tuta."

Na ga launin fuskarta ya sauya. Sai ga Darryl, ɗan Col, wanda shi ne shugaban kwamitin gidan, ya nufo mu da kofin shayi yana fara'a.

"Inna Noelene! Kin ga ba mu manta da ku ba."

"Zo nan, ɗan nema. Wa ya ce maka haka muke sawa?"

"Ai 'yan makaranta na zuwa, Inna. Ba ma so su ga ana aiki babu kariya, su ɗauka daidai ne."

"To daidai ne aka yi mana? Da 'yar riga da silifas nake tsayawa! Ubanka ya yi mini wanka da gubar nan shekara da shekaru, yana ɗago mini hannu ta taga. Ban riƙe shi a zuciya ba, shi ma ita ta ci shi. Amma duk wanda ya ga dodon nan, ya waiwayo ya gan ni da tukunya, cewa zai yi an ba ni na ƙi sawa. Ka cire shi."

Tari ya turnuƙe ta. Darryl ya ce zai kai maganar gaban kwamiti. Wallahi ji na yi kamar in watsa masa shayin a fuska.

Goggo ba ta nemi a biya ta ba, ba ta nemi a ba ta haƙuri ba. Takunkumin kawai take so a cire tun tana da rai. Ta sa na tono tsohuwar rigarta ta gona, shuɗiya mai furanni wadda magani ya ƙone wa kafaɗu, na kai musu da hannuna don su sa wa mutum-mutumin. Kwamiti ya zauna ya ɗage. Ya sake zama, ya ɓige da gardamar fentin ƙofa. Duk Lahadi in na je duba ta, tun ban ajiye jaka ba take tambaya, "Sun cire?" Ni kuma in ce saura kaɗan.

Da sanyi ya shigo ta rasu.

Bayan jana'iza Darryl ya kira ni, murya a sanyaye, wai kwamiti ya amince a karrama ta. Muka je dangi gaba ɗaya. An gasa tsiran nama, an yi jawabi, aka yaye ƙyalle. Ga rigar Goggo a jikin mutum-mutumin, ga malafarta, ga sunanta a ɗan allo da manyan baƙaƙe. Takunkumin na nan daram a fuskarsa. Wai sun raba gardama, kowa ya samu rabi.

Ina tsaye a wurin, wata baƙuwa ta iso da 'yarta. Ta karanta allon, ta dafa kan yarinyar.

"Kin gani ko? Noelene Tuckwell. Ita ta san yadda za ta kula da kanta."